Najeriya a Kan Ƙofar Banɗaki

Duk wanda ya taɓa zama a layin 'yan goro na Agege ya san Malam Jumare, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Dillalin kayan gwari ne a kasuwar Mile 12, kuma Allah ya yi masa baki. Motar albasa za ta iso daga Aliero, mai kayan yana tsaye da ƙurar hanya a gira, Jumare zai ture shi gefe, ya dafa buhu, ya ce wa mai saye, "Daga gonata aka ciro ta. Da hannuna na yi dashenta." Mutumin da ko barkono a gwangwani bai taɓa shukawa ba. Dokarsa a sana'a guda ɗaya ce: idan mai saye ya tsaya a kan kaya, mai kaya ya yi shiru, dillali ya yi magana.

Da yamma kuwa, idan ya dawo ya zauna a bencin Ya'u mai goro, abokinsa kuma abokin faɗansa, sai ya koma masanin ƙasa. Wai babu lungun Najeriya da bai taka ba.

"Ka taka, ko dai an bi da kai?" in ji Ya'u. "A saman tirela ka zo Ikko, cikin tamfol, kana sharar barci tun daga Zariya. Sai da aka sauke albasa aka tsince ka."

"Jahili. Ni da ƙamshi nake gane gari."

To, 'yarsa ta fari, Mufida, tana aji uku na ƙaramar sakandare, kuma ita ce mai son labarin ƙasa na gaskiya. Tun tana aji ɗaya take nema a zaɓe ta a gasar labarin ƙasa ta ɗaliban ƙananan sakandare, ba ta samu ba sai bana. Ta wuce matakin makaranta, ta wuce na shiyya, saura na jiha da za a yi a Ikeja ranar Asabar. Wanda ya zo na ɗaya shi zai tafi Abuja gasar ƙasa baki ɗaya. Bana kuma ita ce damarta ta ƙarshe, domin gasar ba ta karɓar 'yan babbar sakandare. Uwarta Furera ta faɗa wa Jumare haka, amma a lokacin yana ba da labarin yadda ya taɓa hango Kamaru daga saman mota, bai ji ba.

Gasar kashi biyu ce. Da safe tambayoyi, bayan azahar kowane ɗalibi ya nuna taswirar arzikin ƙasa da ya haɗa. Mufida ta daɗe tana zana tata a kan farin kwali, jiha-jiha, da fensir mai launi. Ranar da ta gama ta kawo wa ubanta da murna. Ya ɗaga kwalin, ya juya shi, ya taɓe baki.

"Wannan ce doya?"

"Alamar doya ce, Baba."

"Alama. Yau ni Jumare 'yata za ta nuna wa manya alamar doya, alhali doyar kanta tana gaishe ni kullum da safe. Bari ki ga yadda ake taswira."

Malama Badiyya, malamar labarin ƙasa da ke horar da Mufida, ta biyo ta gidan da yammacin nan, ta ji shirin. Ta ce cikin ladabi, "Baban Mufida, a bi a hankali. Dokar gasar ita ce aikin ya zama na hannun yaro."

"To wa ya haifi hannun?" in ji Jumare. Malama ta dubi Furera, Furera ta dubi rufi.

Abu na farko, ana buƙatar faffaɗan katako. Gidan haya ne mai ɗakuna fuska da fuska, banɗaki ɗaya ga kowa. Washegari Iya mai gida, tsohuwar Bayarabiya da ta koyi Hausa a cinikin goro, ta fito da bokitinta da soso, ta tarar da buhun shinkafa yana lilo a inda ƙofar banɗakin take.

"Baba Mufi, ina ƙofa?"

"Iya, ki yi murna. Ƙofarki za ta je Abuja."

"Ni ban je Abuja ba, ƙofa za ta je? In yi wanka da me?"

"Ki riƙa yin waƙa a ciki, kowa zai san da mutum."

Haka kuwa aka yi. Duk wannan makon wanda ya shiga banɗakin gidan sai ya raira wani abu, masu murya da marasa murya.

Jumare ya kwantar da ƙofar a tsakar gida, ya shafe ta da sitaci, ya manna kwalin Mufida a kai, ya bi gefuna da ƙusa. Yarinyar tana tsaye tana kallon aikinta yana shan guduma. Sannan ya kwaso kaya daga kasuwa ya shiga jerawa kashi-kashi, kamar mai talla. Sai dai shi a wurinsa girman jiha ba a layin taswira yake ba, a yawan motocin da take aikowa Mile 12 yake. Albasar Kebbi ta haɗiye Sakkwato da Zamfara. Tumatirin Kano ya gangaro har Neja. A Binuwai ya kwantar da wata ƙatuwar doya.

"Baba, doyar ta danne Taraba, kanta ya shiga Kamaru."

"Su gode Allah."

"Abuja fa? Ba ka bar mata wuri ba."

"Me Abuja ta taɓa aiko mana? Ko kwandon yalo ɗaya?"

Koguna kuwa, Mufida ta kawo shuɗin zare. Ya ce zare na tela ne, kogi gudana yake yi. Ya ɗauki ƙusa ya fafe hanya a jikin katakon, daga hagu da dama su haɗu a Lakwaja su gangara, ya tsiyaya manja a ciki, tunda ruwa bushewa zai yi.

Duk lokacin da ya tafi masallaci, Mufida sai ta durƙusa ta gyara. Ta rage albasa, ta yanka doyar ta bar guntu daidai jiharta, ta sa busasshen kifi a Tafkin Chadi, goron Ya'u a ƙasar Yarbawa, kabeji da karas a Filato. Idan ya dawo sai ya tsaya a kai, hannu a ƙugu, ya ce wa maƙwabta, "Kun ga abin da nake faɗa muku. Ido ne." Ana haka akuyar Iya ta shigo ta cinye Filato tas, ta fara lasar Bauchi kafin a kama ta. Iya ta ce ai akuyar ma ladan ƙofa ta karɓa.

Ranar Asabar da sassafe Malama Badiyya ta iso da 'yar ƙaramar motar makaranta. Aka juya ƙofa ta tsaye, aka juya ta a kwance, ta ƙi shiga. Malama ta ce a ciro kwalin a zuba kayan a leda, a jera a can. Kwali kuwa ya riga ya zama fatar ƙofa.

"Ku tafi da yarinyar," in ji Jumare. "Ni zan kawo Najeriya."

"Kafin azahar fa, Baban Mufida. Ka san makarantar?"

"Ikeja? Ikeja da nake jiyo kiran sallarta daga nan?"

Mufida ta leƙo ta tagar mota. "Baba, don Allah a kwance za a riƙe ta. Saboda manjan."

"Ke dai je ki amsa tambaya. Lodi sana'ata ce."

Ya lulluɓe ƙofar da tamfol, ya ɗaure da igiya ɗaurin tirela. Ya'u ya rufe faifan goronsa ya ce zai raka shi, ba don taimako ba, don kada a ba shi labari.

A tasha, duk kwandastan danfo, wato bas ɗin haya, da ya ga ƙofar sai ya kau da kai ya ci gaba da kiran fasinja. Da ƙyar wani ya yarda, ya buɗe bayan motar ya jingina ta a tsaye, rabinta a waje. Jumare ya shige ya zauna yana gyara hula.

"Malam," in ji Ya'u, "wannan Abule Egba yake kira."

"Na ji."

"Abule Egba baya ce. Ikeja gaba."

"Ta can ake yankewa. Kai ba ka san duniya a zagaye take ba? Ko Mufida ta sani."

"To in ta zagayen za mu bi, sai mu iso Ikeja badi."

Ba su yi nisa ba aka fara jin gangarowar abubuwa a cikin tamfol, gidi-gidi, duk ramin da motar ta faɗa. Ya'u ya kasa kunne ya ce, "Wannan Kebbi ce ta tafi Kalaba." A kujerar baya akwai wata mata da ta ci ado da farin leshi za ta biki. Tana juyawa ta ga jan abu yana bin kafaɗarta. Abin da ta faɗa da Yarbanci, gara da Jumare ya yi kamar ba ya ji. Ya zura hannu ƙarƙashin tamfol ya damƙo gyaɗa ya miƙa mata, kamar yadda yake yi wa mai sayen da ya fusata.

"Madam, ga gyara."

Ta karɓi gyaɗar, ta ci gaba da zagin.

A Abule Egba aka sauke su. Babu wata hanyar yanke, sai gada da rana. 'Yan tasha suka kewaye ƙofar suna tambayar oga me ya ɗauko. Jumare ya ga jama'a, bakinsa ya motsa, ya ɗage tamfol ya fara bayani. Kafin ya kai Barno, wani mai jajayen idanu ya ɗauke kifin Tafkin Chadi ya jefa a baki, ya bar kai da ƙaya. Wani ya tafi da rabin Kano a aljihu.

Suka samu wata motar ta komawa, suka sake wuce Agege ta gaban layinsu, Jumare ya sunkuyar da kai kada a gan shi, Ya'u kuwa ya fito da hannu yana ɗaga wa jama'a. Kusa da Ikeja cunkoso ya tsaya cak. Rana ta take tsaka. Dole suka sauka, Jumare ya ɗauki gaba, Ya'u baya, ƙofa a kafaɗa, suka kama sauri.

Ka dubi abin da idon mai wucewa yake gani: maza biyu da huluna, dogon katako lulluɓe da tamfol, tudu-tudu a ciki, jan abu yana ɗiga. Mutane suka riƙa darewa. Wani dattijo ya cire hula. Wasu samari 'yan ci-rani masu tura baro suka ajiye aikinsu suka biyo bayansu don neman lada, sai da Ya'u ya rantse musu doya ce.

A ƙofar makarantar da ake gasar, mai gadi, wani Ba'adare, ya tare su da sanda.

"Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu. Najeriya ce."

Mai gadi ya leƙa ƙarƙashin tamfol, ya daɗe yana kallo, ya saki. "Allah ya jiƙanta. Dama ta daɗe tana jinya. Ku wuce."

Mufida tana tsaye a bakin zauren da farar rigar makaranta, idonta a hanya. Malama Badiyya ta tarye su da gudu-gudu. Yarinyar ta yi abin kirki da safe, ita da wani yaro ɗan wata makarantar kuɗi sun yi kunnen doki, taswira ce za ta raba. Alƙalai kuma har sun fara zagaye.

Aka kwance igiya. Najeriya duk ta taru a kudu. Albasa, tumatir, goro, doya, sun cushe a ƙasan ƙofar kamar kwandon da aka zazzage. Manja ya bar hanyarsa ya kwanta male-male daga Bayelsa zuwa Ribas. Malama ta dafe kai. Jumare ya ce, "Ɗan gyara ne kawai."

Mufida ta dube shi sau ɗaya, idonta ya cika, amma ba ta bari ya zubo ba. Ta durƙusa a kan siminti. Ta shiga mayar da kowane abu gidansa, ba ta ko duba layi. Ta raba tumatirin da ya tsira, ta tsinci ƙwayar shinkafa ɗaya-ɗaya, ta ciro shuɗin zaren nan daga aljihunta, ashe ta taho da shi, ta shimfiɗa Neja da Binuwai. Manjan ne ya ƙi goguwa. Ta goga da hankici, ta goga da gefen riga, sai rigar ta koma ja, tabon yana nan. Aka kai ƙofar kan tebur, aka kora iyaye bayan wata igiya da aka gitta.

Shugabar alƙalan wata dattijuwa ce 'yar Filato mai farin gilashi, Hausa a bakinta kamar 'yar Kano. Ta tsaya a kan ƙofar, ta ɗaga gira, ta taɓa doyar, ta shinshina albasar. Jumare yana bayan igiya ya ji wani abu ya tsarga masa. Haka masu saye suke yi.

"Me ya sa Tafkin Chadi kan kifi kawai gare shi?" ta tambayi Mufida.

Yarinyar ta ce, "Tafkin yana janyewa, Madam. Ruwa ya ragu, kifi ya ragu. Abin da ya rage wa masunta ke nan."

Alƙalan suka dubi juna. "Wannan mai da ya malale a kudu fa?"

"Yankin da ake haƙo mai ne. Idan ya malala haka yake kwanciya a kan gona da ruwa. Na goge, ya ƙi fita. Su ma can haka yake ƙin fita."

Dattijuwar ta cire gilashi ta yi dariya har da tafi. Sauran alƙalan suka duƙa suna rubutu, masu ɗaukar hoto suka matso. Malama Badiyya ta rufe baki da mayafi don murna. Abuja ta zo har bakin ƙofa.

Shi kuwa Jumare, abin bai yi masa daɗi ba. Ga kaya sun yi kasuwa, ga mai saye ya tsaya, ga mai kaya tana ta zuba, dillali kuma an bar shi bayan igiya kamar ɗan kallo. Tunda yake bai taɓa ganin irin wannan rashin tsari ba. Ya'u ya ga ƙafarsa ta ɗaga, ya riƙo masa riga. Ina. Ya tsallake igiya, ya ratsa masu hoto, ya matsar da Mufida gefe da bayan hannu, ya dafa ƙofar.

"Hajiya, ki tambayi mai abu. Wannan aiki da kike gani, ni na yi shi. Da hannuna."

Dattijuwar ta mayar da gilashinta a hankali. Mace ce mai tausayi, ta buɗe masa hanya.

"Baba, kana nufin kai ka taya ta ɗauko shi."

"Ɗauko wa? Ai ɗauka aikin Ya'u ne. Ni na ciro ƙofar, ni na jera, ni na fafe kogi."

"Amma dai yarinyar ce ta tsara inda komai zai zauna."

Malama Badiyya tana yi masa alama da ido har kamar idon zai faɗo. Jumare ya ɗauka cewa take ya ƙara wuta, domin a kasuwa idan mai saye ya fara ja, rantsuwa ake ƙarawa.

"Wannan 'yar? Wallahi ko albasa ɗaya ba ta ɗora ba. Yarinya ina ta san Chadi? Ni na taka wuraren nan da ƙafata."

"Baba," in ji Mufida, murya ƙasa-ƙasa.

"Yi shiru, ana ciniki."

Dattijuwar ta dubi hannayen yarinyar da suka yi jawur da manja, ta dubi na uban, fes, ko ɗigo babu. Ta san gaskiya sarai, kowa a wurin ya sani. Amma uba ya rantse a gaban jama'a da masu hoto, iyayen ɗaya yaron kuma har sun miƙe tsaye. Ta sauke numfashi ta ce doka ta hana karɓar aikin da ba na ɗalibi ba. Ta dafa kafaɗar Mufida ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yata." Aka kira sunan yaron. Jumare ya juya yana neman wanda zai yi masa bayanin inda cinikin ya lalace, bai samu ba.

Da la'asar sakaliya aka dawo da ƙofar Agege. Iya ta karɓi abarta, ta shinshina, ta ce daga yau duk wanda ya yi wanka zai fito yana ƙamshin miya. Jumare ya zauna a benci ya fara gyara labari. Wai aikin ne ya fi ƙarfin gasar, alƙalai suka tsorata. Ya dakata yana jiran Ya'u ya soke shi kamar kullum. Ya'u ya ci gaba da yayyafa wa goronsa ruwa, bai ɗago ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo, sai Jumare ya tashi ya shiga gida.

Furera ta riga ta yi faten doya da abin da ya rage. Ta tura masa kwano ba tare da ta dube shi ba.

"Ci. Binuwai ce, da ɗan saura na Kano."

Mufida tana tsugune a bakin famfo tana cuɗa farar rigarta a cikin baho. Ya ƙarasa kusa da ita, ya gyara murya.

"Kada ki damu. Badi zan haɗa miki wadda ta fi wannan. Ƙofar ɗaki za mu ciro, mai faɗi."

Ba ta ɗago ba. "Baba, badi ina babbar sakandare. Gasar ta 'yan ƙarama ce."

"An faɗa maka," in ji Furera daga bakin murhu. "Kana Kamaru a lokacin."

Jumare ya buɗe baki. Bakin da bai taɓa rasa abin faɗa a kan ruɓaɓɓen tumatir ba, yau ya nemi kalma ɗaya ya rasa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai san da ita ba. Sai ya naɗe hannun riga ya tsuguna, ya zare rigar daga hannun 'yarsa ya shiga cuɗawa. Ya cuɗa, ya ƙara sabulu, ya cuɗa. Jan yana nan.

Iya ta fito da bokitinta za ta gwada ƙofarta, ta tsaya a kansu tana kallon bahon.

"Kai. Wa ya ɓata wa yarinya riga haka?"

Jumare bai ɗaga kai ba.

"Ni ne, Iya," ya ce. "Da hannuna."